Mai Kuɗi Ya Kwana Gida, Talaka Ya Kwana Kaso

A kundin hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, akwai aya ta 179. Ta ce duk wanda aka samu yana bara, a bainar jama'a ne ko a ƙofar gidan wani, hukuncinsa wata uku zuwa wata shida a gidan kaso. Ayar da ke biye mata ta ɗauke wa tsohon da ya haura shekara 60 da kuma naƙasasshe. Saura kuwa, matar da mijinta ya tafi biɗa bai aiko ba, da saurayin da gonarsu ta ƙare a rabon gado, da magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, duk doka ta ɗauka cewa idan sun miƙa hannu laifi suka yi. Ba kullum ake aiki da wannan aya ba, amma tana nan a ajiye, kuma duk lokacin da hukuma ta ji kunyar yawan mabarata a titi sai a ɗauko ta a kaɗe mata ƙura.

Ina so in dubi wannan magana daga Madarumfa, domin nan ne ake ganin yadda talaucin birni ke tsirowa tun daga ƙauye. Wanda ya zo daga arewa, ya ga tafki, ya ga fadamar gulbi da lambunan Jiratawa, ya ga zogale da taba da rogo, zai rantse babu yunwa a wannan ƙasa. Amma ƙidayar 2012 ta samu mutane kusan 450,000 a gundumar, sama da mutum 100 a kowace murabba'in kilomita, a ƙasar da kusan kowa da fartanya yake ci. Daga Safo zuwa Sarkin Yamma, daga Gabi zuwa Ɗan Isa, saurar gona ta zama labari. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha ke kallonta. Mata ne suka fara rasa gamanarsu, sai samari. Wanda damina ta ƙi shi sau biyu sai ya jinginar da abin da ya rage, ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga Maraɗi ya karɓa. Daga nan sai barema a gonar wani, rani ya yi kuma sai birni: turin baro, ga-ruwa, dako a babbar kasuwa, kabu-kabu da babur ɗin wani, ko jera kwalaben fetur a bakin hanya.

Haka ta faru a Ingila, kuma abin da masu mulkinta suka yi a kai shi ne ya sa nake ganin labarinsu ya shafe mu. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 manyan masu filaye suka shinge makiyaya da gonakin gayya da talaka ke dogaro da su, injuna kuma suka kashe sana'ar masaƙan gida. Mutane suka yi ta kwarara birane. Landan da ke da mutum wajen miliyan 1 a 1801 ta haura miliyan 6 a 1901, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta rasu. Masu biyan haraji suka yi ta kukan cewa kuɗin taimakon matalauta ya yi yawa, kuma taimakon ne ma ke koya wa mutane lalaci. Sai majalisa ta yi sabuwar dokar matalauta a 1834. Ginshiƙinta ɗaya ne: duk mai lafiyar da ya nemi taimakon hukuma, to dole rayuwarsa ta fi ta mafi ƙasƙancin lebura wuya, don kada kowa ya yi sha'awar nema. Aka gina ɗaruruwan gidaje da ake kira gidajen aiki. Mai shiga ya tuɓe kayansa ya sa na gidan. Miji ɓangarensa daban, mata daban, yara daban, uwa ba ta ganin ɗanta sai an ba ta izini. Abinci ɗan kunu ne da burodi a kan awo. Aiki kuwa fasa dutse, ko warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa mai kwalta da yatsu har su tsage.

A 1845 asirin wani irin wannan gida ya tonu a garin Andover. Aikin mazan gidan shi ne daka ƙasusuwan dawakai da shanu da karnuka da taɓaryar ƙarfe don a yi taki. Ƙasusuwan sun daɗe, suna wari, ɓarɓashinsu na fantsama a fuska. Yunwa ta kai mutanen nan har idan aka juye sabon tuli suna kokawa a kan ƙashin da ke da sauran ɓargo ko guntun jijiya, wani ya ɓoye nasa don ya gwagwiya daga baya. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, aka hana dakan ƙashi, aka rushe hukumar da ke kula da gidajen a 1847 aka kafa wata. Gidajen kansu ba a taɓa su ba, domin ba a taɓa tunanin da ya gina su ba.

Kurkukun zamanin ɗan'uwan gidan aiki ne, sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke zirga-zirga tsakaninsu. Dokar 1824 ta mai da bara da kwana a titi laifi. A 1818 wani injiniya, William Cubitt, ya ƙera wata ƙatuwar gargare mai matakala: fursunoni su jeru, kowa ya riƙe sanda, su yi ta takawa tana juyawa, kamar mai hawan benen da ba ya ƙarewa, har sa'o'i shida a yini. A wasu gidajen tana niƙa hatsi ko jan ruwa, a wasu kuwa ba ta jan komai. Akwai kuma wani akwati mai mariƙin ƙarfe da fursuna zai juya sau dubu goma a yini shi kaɗai a ɗaki, in bai cika ba a rage masa abinci. A kurkukun Pentonville da aka buɗe a 1842 an hana fursunoni magana da juna, har da rufe musu fuska idan za su fita tsakar gida, mutane da dama suka zautu. Dokar 1865 ta ƙara tsananta komai: aiki mai wuya, abinci kaɗan, kwana kan katako. Bayan shekara talatin ana haka, kwamitin da gwamnati ta kafa ya dawo a 1895 da labarin da kowane mai gadi ya riga ya sani, cewa mutanen da ake saki su ne ke dawowa, kuma sun fi lalacewa. Daga nan aka soma janye gargaren.

Mu a nan ba ta hannun Ingila abin ya iso mana ba, ta hannun Faransa ne, amma tunanin guda ne. A 1808 Napoleon ya ba da umarnin a gina wuraren tsare mabarata a kowace jiha, kundinsa na 1810 kuma ya ce wanda ba shi da tabbataccen wurin kwana, ba shi da abin ci, ba shi da sana'a, mai laifi ne ko bai taɓa kayan kowa ba. Da Faransawa suka kama ƙasashenmu sai suka ƙara da wata doka ta musamman don 'yan ƙasa, wadda ta ba kwamanda ikon ya kulle mutum har kwana 15 ba alƙali ba shari'a, don ya makara da lanho, ko ya ƙi fita aikin dole, ko an ce ya raina hukuma. 'Yan kaso su ne masu share bariki, masu ɗebo ruwa, masu gyaran hanya. Sai a 1946 aka soke wannan doka tare da aikin dole. Faransa ta goge laifin bara daga kundinta a 1994. Mu da muka kwafa muka ci gaba da riƙo.

Kada wani ya ɗauka kafin Turawa lafiya lau muke. Kano tana da gidan yarinta tun kafin 1903, kuma masu tarihi sun rubuta yadda iyayengiji ke kai bayinsu gidan Ma'ajin Watari a hore su. Lugga, Baturen Ingila da ya jagoranci mamayar, ya bayyana munin kurkukun Kano a rahotonsa don ya halatta mamayarsa, sa'an nan ya bar gidajen yari a hannun En'e, inda suka ci gaba da haɗiye waɗanda suka kasa biyan haraji, daga baya kuma 'yan jam'iyyar NEPU, har gwamnatin tarayyar Najeriya ta karɓe su a 1968. A zamaninmu ma, a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai yawancin yaran, suna biyan kuɗi, don sun yarda cewa wuya ita ke gyara mutum. Wannan imani ba Bature ne ya koya mana shi ba. Ya dai zo ya same shi, ya ba shi takarda da hatimi.

Shekarar da na fi ganin tunanin 1834 ƙiri-ƙiri a ƙasarmu ita ce 2005. Fari da fara sun taɓa daminar 2004, amma ba gonakin kudancin Maraɗi ne suka fi lalacewa ba. Duk da haka daga Madarumfa da Gidan Rumji aka fi kawo yara masu tamowa. Hatsi yana kasuwa, yana cikin sito a Maraɗi, motoci na ɗauka zuwa Jibiya, amma buhun gero ya kai wajen jika 30, wanda ya sayar da nasa da kaka don biyan bashi ba shi da abin sayen tiya ɗaya. Watanni aka yi gwamnati da masu ba ta tallafi suna jan ƙafa kan rabon abinci kyauta, suna cewa zai ɓata kasuwa kuma zai koya wa mutane zaman jira. Aka ce a sayar da rahusa, ko a yi aiki a karɓi abinci. Rahusa ba ta da amfani ga wanda aljihunsa babu ko dala. A farkon shekarar ma an ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan wasu kayan masarufi, da jama'a suka fito suka ƙi sai aka kulle jagororinsu. Sai wajen Agusta aka soma rabo kyauta sosai, bayan hotunan yaranmu sun zagaya duniya. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kaɗai sun yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Tsoron kada talaka ya saba da kyauta ya fi ƙarfin tsoron kada ɗansa ya mutu, kuma har yau ina jin wannan magana a bakin masu ilimi a duk taron da ake zancen agaji.

To, a ɗauki saurayi ɗaya, a ce daga wani ƙauye ne a ƙasar Gabi. Yana sayar da fetur a kwalba a hanyar Ɗan Isa. A Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, ribar ta tafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka wata da watanni, dako da kabu-kabu suka tsaya. Ya ɗauki wayar wani, ko ya kwance akuya. Laifi ne, ba na wanke shi. Jandarmomi suka kama shi, aka kai shi gaban mai shari'a, aka ce a ajiye shi kafin a yi zama. Ba shi da lauya, domin kusan duk lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, kuma ko suna kusa ba shi da abin biyansu. Daga ranar uwarsa ta shiga nata hukuncin. Ta tashi da asuba ta tuƙa tuwo, ta ɗaure kwano a ɗankwali, ta biya mai babur zuwa gari, ta zauna a inuwar katanga tare da sauran mata har a kira ta, a buɗe kwanon a caccaka tuwon a duba, sa'an nan a shigar. Abin da hukuma ke warewa don cin ɗan kaso bai isa ya riƙe mutum ba, kowa ya san haka, wanda ba a kawo masa daga gida shi ke fara rama da ƙazuwa. Mako biyu sai akuyar gidan ta tafi. Wata biyu sai wani mai shiga tsakani ya zo ya ce ya san hanya, a kawo kaza. Sai a jinginar da 'yar gonar da ta rage. Ranar da yaron ya fito, ko an same shi da laifi ko an sallame shi, gidan da ya bari da gona ya dawo ya tarar babu, ƙannensa biyu sun riga sun tafi birni. Wayar da ya sata ba ta kai jika 20 ba.

Fiye da rabin mutanen da ke gidajen kason Nijar ba a yanke musu hukunci ba, jira suke. Gidan kason Yamai da aka gina a 1947 don 'yan ɗaruruwa ya daɗe yana ɗauke da fiye da dubu. A 1999 fursunoni 29 suka mutu a can cikin ɗaki ɗaya don rashin iska. A Maris 2020, da annobar korona ta zo, shugaban ƙasa ya saki mutum 1,540 a tashi ɗaya, kuma ƙasa ba ta kife ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa a tambaya, me ya ajiye da yawansu tun farko? Wanda ya ci kuɗin taki ko ya karkatar da buhunan agaji yana da lauya, yana da mai tsaya masa, yakan samu sakin talala ya koma gida ya jira. Tsakaninsa da ɓarawon akuya ba girman laifi ne ya raba wurin kwanansu ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da nauyi. Mutumin da ke kusa da dajin Baban Rafi, wanda aka kore masa shanu da dare, ko aka ɗauke masa mata aka nemi miliyoyi, ba ya son jin zancen sassauci, kuma yana da gaskiya. Mai bindigar da ke satar mutane wurinsa kaso, ya daɗe a can. Amma shi ya sa ma bai kamata a cika ɗakin da ɓarayin kaji ba. Yaron da ya shiga don waya, ya kwana wata takwas kafaɗa da kafaɗa da ɗan bindiga, ya fito ba gona ba sana'a, gari na nuna shi da baki, wa kuke tsammani zai fara nemansa da aiki? Haka zancen bara. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga Kance. A Maris 2022 aka kwaso mutanenmu wajen dubu daga titunan Dakar a jirgi, aka kuma ɗaga murya cewa za a yi aiki da doka. Masu tara 'ya'yan mutane su kai su wata ƙasa suna cin gumin baransu, su kam a hukunta su, aya ta 181 ta tanadi haka kuma ina goyon bayanta. Uwar da ta bi su kuwa, in an kulle ta wata uku ta fito, rumbunta yana nan yadda ta bar shi. Kano ta hana bara a titi, jihohin arewacin Najeriya suka yi ta mayar wa juna almajirai a motoci a 2020, yau duk wanda ya bi Kano ya san inda yaran suke.

Abin da ya fitar da Ingila daga wannan rami ba ƙarin tsanani ba ne. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, ya sa aka bi Landan unguwa-unguwa, titi-titi, ana rubuta abin da kowane gida ke samu. Daga 1889 ya soma fitar da sakamako: wajen kashi 30 cikin 100 na mutanen birni mafi arziki a duniya matalauta ne, kuma mafi yawansu ba shaye-shaye ko lalaci ya jefa su ba, aikin yau-akwai-gobe-babu ne, da ƙarancin lada, da ciwo, da tsufa. A 1901 Seebohm Rowntree ya samu kusan haka a garin York, ya kuma nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke cikin tsananin talauci suna gidajen da maigida ke aiki kullum, ladan ne bai isa ba. Da lissafi ya fito fili sai hujjar azabtarwa ta raunana. A 1906 aka ba hukumomi damar ciyar da yara a makaranta. A 1908 aka yanka wa tsoho mai shekara 70 sule biyar a mako, ya je gidan waya ya karɓa da mutuncinsa, ba sai ya rabu da matarsa ya sa kayan gidan aiki ba. An rushe tsarin gidajen a 1930, aka binne dokar matalauta gaba ɗaya a 1948. Sun ɓata fiye da shekara ɗari kafin su yarda. Mu ba mu da dukiyarsu, wadda wani ɓangarenta ma daga ƙasashe irin namu ta fito, amma ba mu da uzurin rashin sani.

Kayan aikin ma muna da su, amfani da su ne ya yi ƙaranci. Tun 2011 aka kafa hukumar da za ta tsaya wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, sai dai ɗan ƙauyen da ya fi bukatarta bai taɓa jin sunanta ba. A 2017 aka yi dokar da ta ba alƙali damar ya yanke wa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon kaso. A Disamban 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da fatawa cewa dokokin da ke hukunta mutum don ba shi da wurin kwana ko sana'a sun saɓa wa yarjejeniyar da ƙasashenmu suka sa wa hannu. Sarakunanmu da masu gari sun san sulhu, sun san yadda ake sa ɓarawon akuya ya biya mai akuya a gaban dangi, abin da kaso ba ya yi, domin mai akuya bai taɓa samun ko igiyarta ba don an kulle wani. Kuma a nan Maraɗi ne a 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara, wanda ya nuna cewa matar da ake cewa kyauta za ta lalata ta tana iya tara dala-dala ta ranta wa 'yar'uwarta ta kuma biya a kan lokaci.

Aikin amfanin jama'a ina da fargaba ɗaya a kansa, kuma tarihin da na kawo ne ya sa mini ita. Idan aka mai da shi hanyar samun lebura kyauta, a ga 'ya'yan talakawa kaɗai suna share gidan wani babba ko suna noma masa gona, to aikin dole ne ya dawo da sabuwar riga. Ya zama alƙali ne ya yanke, da yardar mai laifin, da adadin sa'o'i a rubuce, a kan abin da gari zai gani ya amfana: yashe magudanan ruwan Jiratawa, dashen itace a bakin tafki, gyaran ajin makaranta. Mutum ya yi aikinsa da safe, ya kwana a ɗakinsa, ya yi shuka idan ruwa ya sauka.

Madarumfa ƙaramar gunduma ce a wajen shari'a, ana iya ƙirga 'yan kasonta a yini ɗaya. Mai shari'a da perfe da wakilin sarki da limami su zauna da rajista a gabansu, su bi suna-suna: wane ne ke jira, tun yaushe, a kan kayan nawa, wa ke kawo masa abinci, kuma an jinginar da gona a kansa ko ba a yi ba. Duk wanda zaman jiransa ya kai abin da za a yanke masa in an same shi da laifi, a kai takardarsa gaban alƙali a makon. A maimaita wannan zama kafin kowace damina, a karanta adadin a rediyon gari da Hausa, a aika kwafi Yamai tare da buƙatar a goge aya ta 179.